Yadda ake koya wa yara rubuta labari mai rassa, daga takarda zuwa kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, musamman ku da ke fama da yaranmu na nan Legas, masu lesin da masu Islamiyya da masu boko, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 12 da Obalende. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji a nan ya san abin da ake ciki, yaro yana jin Hausa a gida, yana jin Yarbanci a layi, Buroka kuwa ba a magana, amma ka ce ya rubuto maka shafi ɗaya da Hausa sai ido ya raina fata, ya yi layi uku ya ce ya gama. Abin da na ga yana sa irin yaran nan su rubuta har sai ka ce musu lokaci ya yi shi ne labari mai rassa.

Labari ne da mai karatu yake da ta cewa a ciki. Ana tafiya sai a zo wani wuri a tsaya a tambaye shi, za ka hau danfo ne ko za ka jira jirgi? Abin da ya zaɓa shi zai kai shi shafi na gaba, wanda ya zaɓi ɗayan kuma wani labarin daban zai gani. Yaran sun riga sun san tsarin daga gem ɗin waya, abin da ba su sani ba shi ne su ma za su iya haɗa nasu, kuma da Hausa.

Mataki na farko, kar ku kunna komai

Na san da yawa za su so su fara da laftof don shi ne ke jan hankalin yara, toh ku yi haƙuri, zaman farko baki kawai ake buƙata. Ku tsaya gaban aji ku fara ba su labari kamar tatsuniya. Misali, yaro ɗan shekara 15 ya biyo tirelar tumatir daga Funtua, an sauke shi a kasuwar Mile 12 da asuba, wayarsa ta mutu babu caji, naira 5000 ce kawai a aljihunsa, kuma abin da ya sani shi ne kawunsa yana Agege kusa da wani masallaci. Sai wani dattijo mai kwandunan tattasai ya ce masa yaro taya ni sauke kayan nan, in mun gama da azahar ni da kaina zan kai ka. A nan ku yi shiru, ku ce wa aji su ɗaga hannu, su wa suka ce ya tsaya, su wa suka ce ya kama hanya. Ku bi masu rinjaye har labari ya ƙare, sannan ku dawo daidai wurin dattijon nan ku bi ɗayar hanyar. Ba sai kun yi wani dogon bayani ba, a take za su gane.

Mataki na biyu shi ne zaɓin kansa, kuma a nan zan daɗe don a nan aikin yake

In kuka bar yara haka nan, ga irin zaɓin da za su kawo muku: ka tsinci walat, ka mayar ko ka sace? In ka mayar ka zama mai kuɗi, in ka sace mota ta buge ka. Mu malamai ma mun fi son irin wannan don yana kama da wa'azi, amma ku duba da kyau, babu wani zaɓi a ciki, kowa ya san amsar da ake so kafin ya danna, yaron da ya rubuta bai yi tunani ba wanda ya karanta ma bai yi ba. Zaɓi mai kyau shi ne wanda mutum mai hankali zai iya ɗaukar ko wanne, kuma ko wanne ya ɗauka akwai abin da zai rasa. Koma kan yaron Funtua, in ya tsaya taya dattijo ya samu ɗan jagora amma rana za ta yi kuma bai san ko mutumin nan mai gaskiya ba ne, in ya kama hanya ya tsira da lokacinsa amma shi kaɗai ne a garin da bai san ko gabas ba. Wannan shi ke sa aji ya kaure da gardama, kuma gardamar nan ita ce darasin.

Ni dokoki uku nake ba su a rubuce a allo. Kowane zaɓi sai yana da farashi, ko kuɗi ko lokaci ko amana ko lafiya. Mai karatu sai ya samu ɗan haske kafin ya zaɓa, kar a ce masa dama ko hagu alhali bai san abin da ke ko'ina ba, wannan caca ce kawai, a nuna masa cewa ta dama akwai gosulo har ido ba ya ganin ƙarshe, ta hagu kuma shiru ne amma akwai wasu samari zaune bakin kwalbati suna kallonsa. Na uku kuma ba a kashe mutum a shafi na biyu. Yara maza wallahi suna son wannan, ko ina ka danna sai ka mutu, ku ce musu mutuwa ɗaya aka yarda da ita a labari gaba ɗaya, in ma dole ne.

Kuma ba wai an cire tarbiyya daga ciki ba ne. Yaron da ya zauna yana tunanin abin da zai faru in jaruminsa ya yi wa kawu ƙarya, ya rubuta sakamakon da hannunsa har shafi huɗu gaba, ya fi riƙe darasin a kan wanda aka karanta masa.

Sai maganar ka da ki. Irin labaran nan an fi rubuta su kamar da mai karatu ake magana, toh mu a Hausa dole ka fayyace, ka sauka ne ko kin sauka, jakarka ce ko jakarki. Ku yanke wannan tun farko kafin a yi nisa. Hanya mafi sauƙi su rubuta da bakin jarumin, na sauka daga mota, na duba aljihuna, zaɓin kuma ya zama in tsaya ko in wuce, da namiji da mace kowa zai karanta ba tare da tuntuɓe ba. Ko kuma a ba jarumin suna tun layin farko a ce kai ne Sani ko ke ce Hadiza, a tafi a haka.

Mataki na uku, taswira a kan takarda

Ku yanka kwali ko tsofaffin takardu girman tafin hannu, ku raba yara uku-uku, fiye da uku sai ɗaya ya koma ɗan kallo. Kowane kati wuri ɗaya ne a labari, a sama a rubuta gajeren suna kamar Kasuwa ko Tasha ko Gidan Kawu, a tsakiya layi biyu na abin da ya faru, a ƙasa zaɓi biyu da sunan katin da kowanne zai kai mutum. Su shimfiɗa a ƙasa ko kan benci su ja kibiya da alli.

Kafin su fara ku yi musu wannan lissafin a allo don ya cece ku daga kuka daga baya. In kowane kati ya rabu biyu, ɗaya zai haifi 2, su haifi 4, sai 8, sai 16, sai 32, rabuwa biyar kacal amma kati 63 ke nan da ƙarshe 32 daban-daban, in aka kai rabuwa goma ƙarshen labari kaɗai 1024 ne. Babu ɗan JSS da zai rubuta wannan. Maganinsa shi ne hanyoyi su rabu su sake haɗuwa, kamar yadda wanda ya bi ta Ikeja da wanda ya zaga ta Oshodi duk a Agege za su sauka, sai dai ɗaya ya iso da sauran kuɗi ɗaya kuma aljihu wayam. Don haka ku ƙayyade musu, kati 12 zuwa 15, ƙarshe uku, kuma aƙalla wuri ɗaya da duk hanyoyi ke haɗuwa. Ku sa su rubuta ƙarshen guda ukun tun kafin tsakiya, in ba haka ba za su yi ta yawo babu inda za su.

Duk rukunin da bai kawo taswira kun bi ta da yatsa daga farko har kowane ƙarshe ba, kar ya taɓa kwamfuta.

Mataki na huɗu, yanzu a kunna Twine

Manhajar da na fi ba da shawara ita ce Twine, kyauta ce, wani mai suna Chris Klimas ne ya fitar da ita a 2009 kuma har yau ana gyara ta. Adireshinta twinery.org. Hanya biyu ce, ko ku buɗe ta a cikin burauza kai tsaye, ko ku sauke ta a kwamfuta mai Windows ko Mac ko Linux. A yanayinmu na nan ku sauke, sau ɗaya za ku ƙona data, ku zuba a filashi ku raba wa sauran kwamfutocin, daga nan ba ta buƙatar intanet sam. Tana buɗewa a burauzar waya ma amma gilashin ya yi ƙanƙanta wajen jan akwatuna, in waya ce kaɗai gare ku gara yara su buga rubutun a wayar su turo, a haɗa a laftof ɗaya.

In kun buɗe, ku danna New, ku sa sunan labari, ku danna Create. Za ku ga fili mai layi-layi da akwati ɗaya a tsakiya ɗauke da alamar roka koriya, wannan alamar tana nufin daga nan labari zai fara. Akwatin nan shi ne katinku na farko. Ku danna shi sau biyu ya buɗe, ku canza masa suna zuwa Kasuwa, ku rubuta abin da ke kan katin, a ƙasa kuma ku sa zaɓi a haka:

[[In tsaya in taya dattijo->Dako]]
[[In kama hanyar tasha->Tasha]]

Abin da ke kafin kibiya shi mai karatu zai gani ya danna, abin da ke bayanta sunan akwatin da za a kai shi. Da kun rubuta, Twine da kanta za ta ƙirƙiro sababbin akwatuna biyu, Dako da Tasha, ta ja musu kibiya, sai dai ku buɗe ku cika. In ana son komawa akwatin da yake akwai, sunansa kawai za a sa, kuma a nan ne haɗuwar hanyoyi ke faruwa. Iyakar abin da yaro ke buƙata ke nan ya haɗa labari cikakke.

Inda suke yawan faɗuwa shi ne suna. A wurin Twine, Tasha da babban baƙi daban, tasha da ƙarami daban, haka Ƙofa da Kofa, in yaro ya rubuta ɗaya a nan ɗaya a can sai ta buɗe masa wani akwatin fanko ya rasa ina rubutunsa ya shiga. Shawarata sunan akwati a bar shi gajere ba ƙugiya, amma cikin labarin kansa a rubuta Hausa daidai da ƙ da ɗ da ɓ, Twine tana nuna su lafiya lau. A waya Gboard yana da Hausa a cikin jerin harsuna, a kwamfuta in babu madannan Hausa ku ajiye haruffan a wani fayil su riƙa kwafa suna mannawa. Yaranmu na nan da yawa ba su taɓa ganin bambancin kafa da ƙafa a rubuce ba, wannan dama ce ta koya musu ba tare da sun ji kamar darasin nahawu ake ba.

Don a gwada, a shiga Build a danna Play, labarin zai buɗe kamar shafin intanet.

Mataki na biyar, a sa labari ya riƙa tuna abin da ya wuce

Wannan ku bari sai zama na uku ko na huɗu, kuma ba dole kowane rukuni ya kai nan ba. Twine tana zuwa da salon rubutu da ake kira Harlowe in ba ku canza ba, da shi zan yi misali. A akwatin farko, can sama, a rubuta:

(set: $kudi to 5000)
(set: $taimako to 0)

Wato an buɗe ma'aji biyu, ɗaya na kuɗin aljihu, ɗaya na ko yaro ya taimaki dattijo. A akwatin da ya biya kuɗin mota a sa:

(set: $kudi to $kudi - 800)

Duk inda aka rubuta $kudi cikin jimla, mai karatu adadin da ya rage zai gani, misali Na laluba aljihu, saura naira $kudi. A akwatin Dako kuma a mayar da $taimako ya zama 1. Sai can gaba inda hanyoyi suka haɗu a Agege a rubuta:

(if: $taimako is 1)[Sai na ji an dafa ni, ashe dattijon nan ne.]
(else:)[Na duba gabas na duba yamma, ban san kowa ba.]

Akwati ɗaya ne amma mutum biyu za su karanta abu biyu daban. Ranar da yaro ya ga wannan ya yi aiki, ranar zai fara ƙirƙiro nasa, wani zai sa ma'ajin cajin waya yana raguwa, wata za ta sa ko jarumar tana da katin Cowry don in babu ba za ta shiga BRT ko jirgin Red Line ba, jirgin nan da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi. Ku ƙarfafa musu irin wannan, su sa Legas ɗin da suka sani, kondasta mai ihun babu canji, ruwan sama da ya cika kwata, mai shayin bakin layi, bredin Agege mai zafi, kuma in kondasta da Buroka ko Yarbanci yake magana a bar shi ya yi abinsa, mai ba da labari ne dai zai tsaya a Hausa. Sunan ma'aji shi ma a bar shi ba ƙugiya, kudi kawai, kuma a lura da rufe kowace baka da aka buɗe don rabin jan rubutun kuskure da za ku gani daga nan yake.

In babu halin Twine fa? Google Forms yana yi, kowane kati ya zama sashe guda, tambayar ta zama mai zaɓi, sai a kunna Go to section based on answer a nuna inda kowace amsa za ta kai, sai dai yana cin data kuma ba ya tuna kuɗin aljihu. PowerPoint ma yana yi ba intanet, kowane kati shafi ɗaya, a sa wa rubutun zaɓin mahaɗi zuwa wani shafin. 'Yan firamare masu son zane da motsi kuma akwai Scratch na jami'ar MIT ta Amurka.

Mataki na shida, gwaji

Rukuni ya ba wani rukuni labarinsa, masu labari su tsaya a baya su yi shiru, ba bayani ba nuni da yatsa, wannan shirun yana musu wahala sosai amma ku dage. Su riƙe biro su rubuta inda mai karatu ya tsaya yana ɗaure fuska, inda ya danna ba tare da ya karanta ba, da inda ya yi dariya. Bayan an gama a yi wa mai karatu tambaya biyu, wane zaɓi ne ya fi ba ka wuya, kuma ina ne ka ji kamar duk ɗaya ne ko me ka danna. Amsar ta biyu ita ce aikin gyaran mako mai zuwa. Sannan a ba yaro ɗaya a kowane rukuni aikin bin duk wata hanya da katunan a hannunsa, wanda aka bi a kife shi, duk katin da ya rage a buɗe ko dai babu hanyar zuwa gare shi ko an rubuta sunansa ba daidai ba.

Wajen ba da maki kar ku bari kwalliya ta ruɗe ku. Akwai yaron da zai gano yadda ake canza launi ya cika shafi da ja da kore amma labarin fanko, akwai yarinyar da ba ta sa ma'aji ko ɗaya ba amma zaɓinta ya sa aji ya yi shiru. Ni kaso mafi tsoka ina ba wa ingancin zaɓi da sakamakonsa, sai rubutun Hausar, sai ko duk hanyoyi suna aiki, dabarar kwamfuta ita ce ta ƙarshe.

Mataki na bakwai, adanawa da rabawa

Wannan ku ɗauke shi da muhimmanci. In a burauza kuke aiki, labaran a cikin burauzar wannan na'urar kaɗai suke zaune, ba a intanet ba, duk ranar da wani ya goge bayanan burauza don ya samu fili sun tafi ke nan, kuma in yaro ya koma wata kwamfutar ba zai gansu ba. Wadda aka sauke kuma tana ajiye su a babban fayil na Documents. Ko wacce kuke amfani da ita, kafin a tashi kowane zama ku shiga Library ku danna Archive, zai tattara duka labaran a fayil ɗaya, ku zuba a filashi ku kuma tura wa kanku. Minti goma kafin tashi ake yin wannan, ba a jira sai batiri ya fara ja ko an ɗauke wuta.

In labari ya kammala, a shiga Build a danna Publish to File. Fayil ɗaya zai fito mai ƙarewa da html, ba shi da nauyi in rubutu ne zalla, ana iya tura shi ta WhatsApp a matsayin dokumen, wanda ya karɓa ya buɗe da Chrome a wayar Android ya karanta ko babu data, ba sai yana da Twine ba. Ku gwada a wayarku tukuna kafin ku tura gurup ɗin iyaye. Masu son sa shi a intanet kowa ya gani akwai itch.io da ke karɓar irin fayil ɗin kyauta, amma da asusun malami za a ɗora, ba na yaro ba.

Kafin komai ya fita daga aji ku karanta shi kalma-kalma. Yara suna son sa sunan abokin faɗansu a matsayin ɓarawon labari, ko sunan wani maƙwabci da lambar gidansa, wasu har lambar wayar babansu suke sawa don ya yi kama da gaske. Duk a cire, a canza sunaye, a bar sunan unguwa kawai. Sunan marubuci ma na farko ya isa, kuma a tambayi iyaye kafin a ɗora.